Alƙaluma Bakwai da Suka Tsage a Hannun Baba

Madarumfa, ranar Laraba.

Zuwa ga ƙanena Habibu, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Ruƙayya da yaran baki ɗaya. Allah Ya buɗa maka kasuwa, Ya tsare ka daga sharrin baƙunta. Mu nan alhamdu lillahi. Damina ta yi kyau bana, gero ya shiga rumbu, wake ne kawai tsutsa ta taɓa. Tabki ya cika har ruwa ya ci gefen lambun Kawu Yaro, masunta kuwa suna ta samun karfasa. Ƙafar Inna ta yi sauƙi tun da aka canja mata magani, yanzu tana zuwa rijiya da kanta ko an hana ta. Ɗiyata Maryama ta koma lakkol, tana ta karatun boko, kullum sai ta tambayi yaushe kawunta na Abijan zai zo.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni a wannan zamani. Waya ɗaya ce a gidan nan mai ɗaukar saƙon murya, ta Yaya Mahaman ce, kuma abin da aka faɗa a cikinta duk gida ke ji. Shi ya sa na rubuta, na ba Anas direba mai kai albasa wajenku, na roƙe shi ya danƙa maka hannu da hannu. Ka karanta kai kaɗai. Maganar Baba ce da ta rumfar alƙaluma.

Ka bar gida Baba bai daɗe da fara wannan sana'a ba, zuwan da kake yi kuma ba ka taɓa zama a rumfar ka ga yadda ake aikin ba. Dole in yi maka bayani, in ba haka ba ba za ka gane abin da aka yi masa ba. Ka dai tuna a da turmi da ƙotar fartanya yake sassaƙawa, har ya je Maradi ya ga wani yana juya itace a inji yana fid da alƙalami. Ya dawo ya haɗa nasa injin da motar wani tsohon injin ban ruwa, mutane suna ta yi masa dariya. Yau shekara goma sha ɗaya ke nan, har Yamai an san Arziki mai alƙalami. Itacen ƙirya da na kanya yake yankawa guntu-guntu kamar tsawon yatsa, ya jera a saman rumfa su shekara suna bushewa. In sun bushe sai a huda kowane guntu daga wannan kai zuwa wancan. Akwai ɗan bututun tagulla da ake kawo mana daga Kano tare da sauran ƙarafan. Ana goge bayansa da takardar yashi, a shafa masa kol, wato gam, a tura shi cikin hujin. Kafin a shafa kol ɗin sai an danna bakin bututun a jikin yankakken dankali ya toshe, don kada ko ɗigo ya shiga ciki. In ya kama, a daidaita bakin itacen da bakin tagullar, a zura su a tsinken ƙarfe, a ɗaura a inji. Daga nan ake ta cin itacen da kurfi yana juyawa, har abin da ya rage a bayan tagullar bai fi kaurin ɓawon ƙwai ba. Sai gogewa, sai kakin zuma da man kaɗanya, har ka ga fuskarka a jiki.

Duk wannan ba shi ne wuyar aikin ba. Wuyar tana wajen haɗawa. Tsinin alƙalamin, da majuyin da ke fito da bakin bik, wato biron da ke ciki, da hular da ke ɗauke da maƙali, duk tura su ake yi cikin bakin bututun da ƙarfi, matsewar ce ke riƙe su. Ba a sa guduma ko kusa. Baba yana da mamatsi da ya gyara da hannunsa, ya liƙa masa fata a muƙamuƙai biyu don kada ya ƙwarzane ƙarfen. Yakan saita alƙalamin a tsakani, ya murɗa mariƙin a hankali yana saurare da tafin hannunsa. Dole cikin bututun ya zama tas. In akwai busasshen kol a ciki, ko da bai fi ƙwayar gero ba, tsinin zai buɗa tagullar, tagullar ta buɗa itacen, aikin kwana uku ya tsage nan take. Don haka kafin a haɗa sai an bi kowane bututu da ƙaramin magagari da tsumma. Wannan aikina ne tun da na dawo gida bayan rasuwar baban Maryama. Ni ke sa kol, ni ke share ciki, ni ke goge kaki. Yaya Mahaman ke juyi a inji. Baba ke zaɓen itace, shi ke haɗawa, shi ke ƙona tambarinsa a jiki.

Ba zan ɓoye maka ba, hannun Baba ya fara rawa shekara biyu da suka wuce. In ya ɗauki kofi za ka ga ruwan yana motsi. Amma da zarar ya ɗora hannun nan a mariƙin mamatsi sai ya natsu kamar ba shi ba. Ni da ke zaune a gefensa kullum, cikin shekara biyun nan alƙalami biyu na ga sun tsage masa, su ma itacen ne ke da kulli. Sau uku Yaya Mahaman yana neman Baba ya bar masa haɗi, sau uku Baba yana cewa da saura. Ba zan ce Baba bai da nasa laifin ba. Harshensa ka san shi. Ya taɓa faɗa a gaban masu saye cewa Mahaman yana juya itace kamar wanda aka biyo da sanda, kuma mai gaggawa ba ya haɗa alƙalami. Mutum mai shekara arba'in da shida, da furfura a gemu, da ƴaƴa bakwai, aka gaya masa haka a gaban baƙi. Na ga fuskarsa ranar. Na ɗauka haushi ne da zai wuce.

Ana cikin girbi wani ɗan kasuwa daga Maradi, Alhaji Al'amin, ya ba da aikin alƙaluma arba'in. Zai buɗe injin matsar man gyaɗa, yana son ya raba wa manyan baƙinsa. Yaya Mahaman ne ya yi ta kai da kawowa har aikin ya faɗo mana. Amma da Alhajin ya zo duba itace, sai ya faɗa a gabansa cewa shi haɗin tsoho yake so, ba na kowa ba, kuma ranar haɗawa zai zo da abokansa su gani da idonsu. Baba ya ji daɗi ƙwarai, har ya sa aka wanke masa shuɗiyar rigarsa ta Juma'a. Yaya Mahaman kuwa ya koma kan injinsa. Ya juya arba'in ɗin nan cikin kwana goma sha biyu, kuma wallahi ban taɓa ganin ya yi aiki mai kyau kamar wannan ba.

Ana gobe za a haɗa, da hantsi, na ɗauko magagarina zan fara share bututu. Sai Yaya Mahaman ya ce an aiko daga Gabi Goggo Kaka ba ta da lafiya, jikin ya tsananta, ya kamata wani daga gidan nan ya je, kuma shi ba zai iya barin rumfa ba. Ya ce in tafi, shi zai share mini bututun. Da kansa ya tsayar da kabu-kabu, har ya ba ni sukari in kai mata. Na yi masa godiya, Habibu. Da na isa Gabi na tarar da Goggo a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, mura ce kawai ta yi kwana biyu ta sake ta. Ta riƙe ni na kwana. Ban kawo komai a raina ba, na ce ko mai saƙon ne ya ƙara gishiri.

Da safe na dawo na iske an share rumfa, an shimfiɗa tabarmi biyu, an jera alƙaluma goma na farko a kan faranti, kowane da ƙarafansa a gefe. Alhaji ya iso da abokansa biyu, ɗaya yana riƙe da waya yana ɗaukar hoto mai motsi. Maƙwabta suka taru, har masu ɗinki na rumfar gaba suka bar kekunansu. Baba ya zauna da shuɗiyar rigarsa, ya yi bisimilla, ya yi wa baƙi bayanin itacen ƙirya da yadda ake gane wanda ya bushe. Ni ina bayansa ina miƙa masa kaya. Ya ɗauki na farko, ya saita tsini, ya murɗa. Sai muka ji ƙas, kamar an fasa ɓawon gyaɗa. Tsaga ta bi jikin alƙalamin tun daga baki har tsakiya. Baba ya juya shi a hannu, ya yi murmushi, ya ce itace ma yana da ranar da yake tashi da fushi. Aka yi dariya. Ya ɗauki na biyu. Wannan ya murɗa a hankali fiye da na farko, ya tsaya, ya ƙara murɗawa, shi ma ya tsage. Ba wanda ya yi dariya.

Na uku ya daɗe a hannunsa kafin ya sa shi a mamatsi. Ya goge shi da gefen rigarsa, ya ɗaga kai ya dubi Yaya Mahaman da ke tsaye jikin ginshiƙi ya harɗe hannuwa a baya. Ya murɗa, ya tsage. Na huɗu ma haka. A na biyar gumi ya jiƙa masa wuyan riga, hannun da ban taɓa ganin ya yi rawa a kan mariƙi ba ya fara kaɗawa har ƙarfen yana ƙara. Ɗaya daga cikin baƙin ya ce wa ɗan'uwansa a hankali, amma kowa ya ji, wai wannan ne gwanin da aka taso su tun daga Maradi su gani? Alhaji ya duƙar da kai yana jan carbi. Mai wayar bai sauke ta ba. Ni kuwa ina ta miƙa masa. Na shida ya tsage. Na bakwai, wani baƙin kanya ne da Baba ya ajiye shekara uku yana cewa sai babban aiki, ya rabe gida biyu, ɓarin ya faɗo a kan tabarma gaban Alhaji.

Sai a lokacin Yaya Mahaman ya motsa. Ya zo ya durƙusa gaban Baba, ya sassauta murya kamar mai lallashin yaro, ya ce Baba ya huta haka nan, tsufa ba abin kunya ba ne, kowa ya san abin da hannun nan ya yi a zamaninsa. Baba bai saki mariƙin ba. Yaya Mahaman ya kama yatsunsa ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Ya ture farantin farko gefe, ya jawo wani daga ƙarƙashin tebur, ya zauna a kujerar Baba. Goma ya haɗa a jere, ko ɗaya bai yi ƙara ba. Alhaji ya yi kabbara, ya ce lallai tsoho ya bar magaji, aikin ba zai mutu ba. Mutane suka yi ta sa albarka. Baba ya miƙe yana laluben takalminsa da ƙafa, ya samu ɗaya bai samu ɗaya ba, ya tafi gida a haka. Ni na bi shi da ɗayan.

Bayan la'asar Baba ya sa aka kira Yaya Mahaman, a gaban Inna da ni. Ya ce yana neman gafararsa, ya ɓata masa itace da wahalar kwana goma sha biyu, ya kunyata shi gaban baƙin da shi ya nemo. Ya ciro makullin akwatin kayan aiki daga aljihu ya miƙa masa da hannu biyu. Yaya Mahaman ya karɓa, ya ce babu komai, ya yafe.

Sauran ka sani, don an tura maka hoton. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda amsarka ta iso. Da safe ne, muna tsakar gida ana shan kunu. Yaya Mahaman ya kunna muryarka, kana cewa Allah Ya saka masa da alheri da ya ceci sunan gidanmu, ai tuntuni ya kamata a ɗauke Baba daga rumfar, taurin kai ne kawai irin na tsofaffi, kuma za ka aiko masa da sabon inji mai aiki da kuran, wato wutar lantarki, don aiki ya ƙara sauri. Da ta ƙare sai ya ce kunnen Baba ya yi nauyi, wataƙila bai ji ba. Ya ƙara sauti, ya matso da wayar kusa da shi, ya sake kunnawa tun daga farko. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce Habibu ya yi gaskiya. Bai ƙarasa kunun ba.

Tsagaggun nan bakwai Yaya Mahaman ya ce in zuba su a murhu. Na ga tagullar za ta sake amfani, sai na ƙulle su a bakin zane na kai ɗaki. Kwana biyu bayan haka na zauna ina ɓare itacen da wuƙa. Da na ɗaga bututun farko ga haske, sai na ga wani abu yana ƙyalli a bakinsa daga ciki. Na sa farce, na ji shi da tauri kamar ƙaro. Na duba ɗaya bakin, haka. Na duba duka bakwai, kowane baki biyu, an zagaye shi da kol kamar zobe. Ba zuba ya yi ba. Ni na toshe su da dankali da hannuna, kuma kol ɗin da muke aiki da shi ruwan ƙasa ne, wannan kuwa fari ne garau, irin mai saurin kamawa da masu gyaran takalmi ke sawa. Wani ne ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tsinke, a ranar da nake Gabi ina taya Goggo ɓarar gyaɗa.

Na sami Yaya Mahaman a rumfa shi kaɗai, na baje su a gabansa. Bai ma kashe injin ba sai da ya gama abin da yake juyawa. Bai yi musu ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya ce shekara goma sha ɗaya yana shaƙar garin itace a gaban injin nan, kowane alƙalami daga hannunsa yake fita, amma ko yaran unguwa ba su san ya iya komai ba sai ɗan Arziki. Ya ce da ya jira Baba ya ba shi rumfar da kansa, da sai dai a ba jikokinsa. Na ce masa ai mahaifinsa ne. Ya ce to in je in gaya masa, in zaɓar masa wanda ya fi: ya ƙarasa kwanansa yana ganin hannunsa ne ya gaji, abin da ke samun kowane tsoho, ko ya ƙarasa yana sanin abin da ɗansa na fari ya yi. Sannan ya ce in tuna duk garin nan an san ni ce mai share bututu, in aka ce an ga kol a ciki, sunan wa za a fara kira? Ya ƙara da cewa in tuna rumbun wa ni da Maryama muke ci. Ya kunna injinsa.

Na kai wa Inna. Ta yi kuka har ta gaji, sannan ta kama hannuna ta ce in tana da hakki a kaina in binne maganar nan. Na binne ta kwana goma sha tara. Ina kallon Baba yana gaya wa duk wanda ya zo gaishe shi cewa hannunsa ya mutu, Allah Ya sa yana da ɗa nagari. A rana ta ashirin na kasa. Na bi shi bakin tabki, inda yake zama yanzu ƙarƙashin wata gawo yana kallon masunta suna gyaran raga. Na zuba masa bututun a tafin hannu, na fara bayani. Ko kallonsu bai yi ba. Ya rufe hannunsa a kansu, ya ce ya sani.

Ya ce na farko ya ɗauka itacen ne. A na biyu, tun kafin ya tsage, ya ji mariƙin yana turjewa a bakin bututu, kuma wanda ya shekara goma sha ɗaya yana matsa abu ɗaya ba ya kasa gane turjiyar kol. Ya san ba ni ba ce, don ba na gari. Na tambaye shi, to don me ya ci gaba? Ya ce dama yake ba Mahaman. Kowane ɗaya ya ɗauka yana jinkiri, yana cewa a ransa wannan karon Mahaman zai ce Baba dakata in duba. Ya ce da ya ɗauki baƙin kanyar nan ya tabbata zai tsayar da shi, don tare suka saro ta, kuma Mahaman ya san yadda yake ji da ita. Da bai zo ya cire masa hannu ba, da har na goma zai kai yana jira. Na ce don me bai faɗa a wurin ba? Ya ce a gaban mutanen Maradi, da waya tana ɗauka, ya buɗe baki ya ce ɗan da ya haifa macuci ne? Wa zai sake sayen alƙalami a rumfar? Yaran nan bakwai me za su ci?

Na ɗauka zai sa mini albarka, ko ya ce na rage masa nauyi. Sai ya juyo ya dube ni da idon da bai taɓa dubana da shi ba. Ya ce bai gode mini ba. Da, daga shi sai Mahaman sai Allah suka sani, yana iya zama da ɗansa su sa hannu a ƙwarya ɗaya kamar ba a yi komai ba. Yanzu da na sani, duk lokacin da na kawo musu tuwo na dube shi, sai ya ji kamar an tuɓe shi. Sannan ya ce aikin da aka ba ni amana, guda ɗaya tak, me ya sa na bar wa wani na hau kabu-kabu? Ya ce in jefa su a ruwa yana gani, kuma kada ya ji maganar a bakin kowa. Na jefa shida. Na bakwai na ɓoye a hannu, shi ne za ka gani naɗe a ƙyalle cikin wannan takarda. Ka zura ɗan yatsanka ka ji.

Yanzu ga yadda muke. An cire ni daga rumfa, Dije matar Yaya Mahaman ke goge kaki. Amma Baba ba a bar shi ya huta ba kamar yadda aka gaya maka. Masu saye har yanzu tsoho suke tambaya, don haka duk ranar da ake jiran baƙi sai Yaya Mahaman ya aiko a sa wa Baba shuɗiyar riga, a zaunar da shi a ƙofar rumfa, a ba shi tsumma da alƙalamin da aka riga aka gama ya riƙa shafawa. Tambarinsa ake ƙonawa a jiki har gobe. Ana gaya wa baƙi komai a gaban idonsa ake yi. Mamatsin kuwa an zagaye mariƙinsa da sarƙa an sa kwaɗo, wai kada Baba ya manta ya taɓa ya ji wa kansa ciwo. Yana zuwa, Habibu. Ba ya gardama. In baƙi sun yaba aikin sai ya ce ai ɗansa ya fi shi.

Akwai abin da na yi da har yanzu nake nadama. Na ce bari in nuna masa hannunsa yana nan. Na aro mamatsi wajen mai gyaran moto, na naɗa masa fata, na samo guntu ɗaya cikin waɗanda aka juya, na share cikinsa har sau uku. Na kai masa ɗaki da rana babu kowa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa hannu. Ya kasa saita tsinin. Sau huɗu yana kai shi bakin bututu yana gocewa, a na biyar ya suɓuce ya shige ƙarƙashin gado. Wata biyu da suka wuce mutumin nan yana haɗa ashirin kafin azahar. Yanzu rawar ta hau har kafaɗa, kofi ma sai Inna ta riƙe masa. Ya ce in ɗauke abin daga gabansa, in daina gwada shi kamar yadda aka gwada shi a rumfa. Tun ranar bai kira sunana ba. Abinci kuwa loma uku yake yi ya ture, rigunansa duk sun yi masa yawa.

Ban rubuto don in hana ka aiko da inji ba. Ka aiko in ka ga dama, yaran ba su yi laifin komai ba. Kada kuma ka kira Yaya Mahaman da faɗa, don a kaina da Maryama abin zai sauka, kai kana can bakin teku. Kada Baba ya san na rubuta. Na rubuto ne don ka san abin da ka sa wa albarka. Shekara biyar rabonka da gida, ka ga hoton minti biyu a waya, ka yanke wa mahaifinka hukunci, aka kunna masa sau biyu yana riƙe da kofin kunu. Ni na miƙa masa bakwai ɗin da hannuna, kai ka aiko da naka daga nesa. Ba na ganin ɗayanmu ya fi wani. In kana son ka nemi gafararsa yana jinka, ka taho kafin sanyi ya fita. Ba na ce maka wata shekara ba. Ni ke wanke kwanonsa, na san abin da nake gani.

Inna tana gaishe ka da kyau, ta ce a shafa mata kan yaran. Kawu Yaro da Goggo Kaka suna gaisuwa. Maryama tana gaida kawunta da Ruƙayya. Ka gaishe mini da Ruƙayya ƙwarai, da duk mutanen garinmu da ke tare da ku. Jiya na gaya wa Baba akwai mai tafiya wajenku, ko yana da saƙo. Bai dube ni ba, ya gaya wa Inna ta gaya mini. Ya ce a ce maka yana nan lafiya lau, rumfa tana hannu nagari, kuma ka riƙe yayanka da kyau don shi ne ubanku in ba ya nan. Na isar maka da saƙonsa yadda ya ba da shi, ban rage ba, ban ƙara ba.

Allah Ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ni ce yayarka,
Ɗelu.